Na Biya, Ina Makulli? Tarihin Jiran Sabon Gida Daga Shagari Lokos Zuwa Yau

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurari murya ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu idan sun karanta da idonsu.

Yau maganar gida za mu yi, gida na bulo da siminti. Bari in fara da abin da ya jawo maganar.

Ina da yaya, malamin sakandare ne. Mu 'yan Sabiyal ne, ta ƙasar Aliero, amma aiki ya kai shi birni. A ƙarshen 2022 wani kamfani, ba zan kama sunansa ba, ya biyo ta ƙungiyar adashin ma'aikatansu da tallar sabon rukunin gidaje. Takarda mai sheƙi, hoton gida da fenti da bishiyoyi, har da mota a ƙofa. Aka ce a ba da kafin alƙalami, sauran a riƙa cira a albashi, cikin wata goma sha biyu a karɓi makulli. Yaya ya sayar da shanunsa biyu, Baba ya ƙara masa da kuɗin albasar shekarar, aka biya. Har ranar tarewar amaryarsa da wannan lissafin aka sa ta.

Wata goma sha biyu ya cika, gini yana linta. Sai ga wasiƙa: siminti ya tashi, kowa ya ƙaro kuɗi. Aka ƙara. Aka yi rufi, aka yi filasta, sai aka ce ai ba a kawo taransifoma ba. Daga baya kuma aka ce takardun fili ba su fito ba, don haka ba za a miƙa gida ba. Amarya ta tare a gidan haya, har ta haihu a can. Duk wata ana cire masa kuɗin gidan da bai shiga ba, duk shekara kuma mai gidan haya yana ƙofa. Ranar da muka je da Baba ya ga ginin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga ai shi a cinikin biri a sama."

Wannan kalma ta Baba ita ta sa na koma na bi tarihin abin. Abin da na gano shi ne, jiran nan ya girme ni, ya girmi Yaya. Kuma kusan kullum ta ƙofa uku yake shigowa. Ku biyo ni.

Da farko, kakanninmu ba su san wannan irin jira ba. A Sabiyal da Jega da Maiyama, mutum in zai yi gida, fili na gado ne, ko ya nema wajen mai gari a gaban shaidu. Rani ya shigo, a haƙo ƙasa, a kwaɓa da ciyawa, a yi tubali, a kira magini, samari su yi gayya. Bana ɗaki ɗaya, baɗi in albasa ta yi kuɗi a ƙara wani. Mai gida shi ne mai kuɗi, shi ne mai duba aiki. In gini ya tsaya, ya san dalili, don a aljihunsa dalilin yake. Ba na cewa mu koma tubali ba fa. Ina nuna muku ne cewa a wancan tsarin, kuɗi da fili da aiki duk a hannu ɗaya suke. Jira ya fara ne ranar da aka raba su: kuɗi naka, fili a hannun hukuma, aiki a hannun ɗan kwangila.

Maganar fili ta fara sauyawa tun zamanin Turawa. A 1910 suka yi doka da ta sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, a 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta. Sai a watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kawo Dokar Amfani da Ƙasa ga Najeriya baki ɗaya. A dokar nan, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Filin birni gwamna ke ba da izinin zama a kai, shi ne takardar da muke kira C of O, galibi na shekara 99. Filin karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izini na gargajiya. Sannan ba za ka sayar ko ka jinginar da filin birni ba sai da amincewar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta ƙara jaddada haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda jingina ta rushe saboda babu wannan amincewar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita kuma gwamnati ta shiga ginin gidajen talakawa gadan-gadan ne lokacin da kuɗin mai ya shigo. A 1973, zamanin Gowon, aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, FHA. A tsarin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 aka yi alƙawarin gidaje 202,000. Da wa'adi ya cika, abin da aka gina bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. A tsakiyar wannan, a 1977, aka mayar da tsohuwar ƙungiyar ba da rancen gini ta 1956 ta zama Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN.

Sai ga namu, Alhaji Shehu Shagari, a 1979. A lokacin mu ma 'yan Jihar Sakkwato ne, babu Kebbi. Jam'iyyarsa ta NPN abinci da muhalli ta sa a gaba, har gida da masara ne a tambarinta. Tsarin shi ne a gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, jihohi 19 da Abuja, wato 40,000 a shekara, 160,000 a shekara huɗu. Kashi 80 cikin ɗari masu ɗaki ɗaya ne, wanda mai shi zai iya faɗaɗawa, saura masu ɗaki uku. Aka kuma ce kada a tsaya a manyan birane, a kai har hedikwatocin ƙananan hukumomi. Niyya ce mai kyau, wallahi. Har yau in ka shiga garuruwan Arewa da yawa za ka ji ana cewa Shagari Kwatas ko Lokos, to asalin sunan kenan.

Amma me ya faru? Zuwa tsakiyar 1983 kimanin gida 32,000 aka kammala, wato ɗaya cikin biyar. Dalilai sun haɗu. Fili a hannun gwamna yake, gini na tarayya ne, to wasu jihohin da 'yan adawa ke mulki sai suka riƙa jan ƙafa wajen ba da fili, wasu wuraren kuma aka ba da fili can bayan gari, babu ruwa, babu wuta, babu hanya. An raba kwangila ga 'yan siyasa, wasu suka karɓi kuɗin somin aiki suka yi gaba. Farashin mai ya faɗi, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin. Gine-gine da yawa suka tsaya yadda suke, ciyawa ta cinye, awaki suka tare kafin mutane.

Mu tsallako zuwa 1991. Ranar 27 ga Agusta Babangida ya yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Ma'aikata suka kwaso iyali suka nufo Birnin Kebbi, garin da bai shirya karɓar wannan taron ba. Ku tambayi iyayenku da suka yi wannan ƙaura, za su ba ku labarin ofis a gidan haya da kwana a ɗakin aboki. Unguwanni irin su Gesse da kwatas-kwatas ɗin da suka biyo baya duk amsar wannan matsi ne. A wannan shekarar ta 1991 aka fitar da manufar gidaje ta ƙasa, da take mai daɗi: kowa ya samu gida kafin shekarar 2000. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, aka wajabta cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin duk ma'aikacin da ke samun naira 3,000 ko fiye a shekara. Kun lura da abin da ya sauya? A da gwamnati ke gini da kuɗinta, in ta gaza ita ta ji kunya. Daga nan kuma kuɗin ma'aikaci ne ke fara tafiya, gida ya biyo baya, in ya biyo.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne 1994. Gwamnatin Abacha ta naɗa Alhaji Lateef Jakande ministan ayyuka da gidaje. Mutumin nan ba baƙo ba ne a harkar, lokacin da yake gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983 ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi waɗanda har yau ana zaune a cikinsu. Saboda sunansa mutane suka yarda. Aka sanar da gida 121,000 cikin shekara biyu, aka ce mai so ya sayi fom ya ajiye kuɗi. Jama'a suka yi layi a bankuna. To amma hauhawar farashi a 1994 ta haura kashi 50 cikin ɗari, a 1995 ta haura 70. Farashin da aka yanka wa gidajen ya zama ko rabin gini ba zai yi ba. A 1995 Jakande ya bar kujerar, aka sake farashi, ya ninka. Abin da aka gina bai kai kashi biyar cikin ɗari na alƙawarin ba. Masu ajiya da yawa suka shekara da shekaru suna zarya da rasit a hannu. Wanda ma aka mayar wa kuɗinsa daga baya, naira ɗin da ya karɓa ba ita ce wadda ya bayar ba.

Wannan darasin ya shige ni sosai. Ko mai gaskiya ne ya riƙe aikin, in yarjejeniya ba ta faɗi wanda zai ɗauki asarar jinkiri ba, a kan mai saye za ta sauka.

Bayan 1999 gwamnati ta ja baya, ta ce 'yan kasuwa su gina, ita ta ba da fili da lamuni. Nan kamfanonin estet suka yawaita, musamman a Abuja, da salon sayar da gida tun yana kan takarda. Jihohi ma suka yi nasu. A Kano, tsakanin 2011 da 2015, an gina biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da kuɗin asusun 'yan fansho a ciki. Da gwamnati ta sauya aka shiga taƙaddama, gidaje masu yawa suka yi shekaru a kulle. A tarayya kuma, shirin gidaje na Buhari ya fara a 2016 a jihohi 34, amma sai a Nuwamban 2021 aka buɗe shafin sayarwa. Shekara biyar kenan. Yanzu ga shirin gwamnatin Tinubu da aka ƙaddamar a Karsana ta Abuja a Fabrairun 2024, muna kallo, muna fatan ya karya wannan al'adar.

Kada ku ce mu kaɗai ne. A ƙasar Sin, inda aka saba sayar da gida kafin a gina, katafaren kamfanin Evergrande ya durƙushe a 2021 da bashin da ya haura dala biliyan 300. A Yulin 2022 masu saye a ɗaruruwan rukunan gidaje suka haɗa kai suka ce ba za su ƙara biyan banki ba sai an ci gaba da gini. Sai da gwamnati ta sa kammala gidajen a gaba. Abin lura a nan, ba ɗaya-ɗaya suka yi kuka ba.

To, ga ƙofofin nan uku da na ce muku.

Ta farko, kuɗi yana narkewa. Abin da ya ci shirin 1994 shi ya ci na Yaya. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a 2023, a farkon 2024 ya haura 10,000 a wurare da yawa. Kamfanin da ya karɓi kuɗinka bai sayi kaya nan take ba, ko ya juya shi zuwa wani aikin, to kai zai dawo wa.

Ta biyu, kujera tana sauyawa. 1983, 1995, 2015. Duk ginin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya, in ya tashi gini ya zauna.

Ta uku, takarda. Gini zai iya ƙarewa tsaf, amma in kamfani ba shi da C of O na filin, ko ya jinginar da shi a banki, ko ba a samu amincewar gwamna a kan mayar da naka kason da sunanka ba, to ɗaki kake da shi, ba ka da mallaka. Banki ma ba zai sake lamuni ba sai ya ga takardar. Dokar 1978 ce ke bin mu har yau.

Wani abin da ya ba ni mamaki, malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan. Sayen abin da ba a riga an ƙera ba, suna kiransa istisna'i, ɗan'uwan cinikin salam. Sharaɗinsa a bayyana siffar abu dalla-dalla, a san farashi, a sa lokaci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai wa'adi da kafa shaidu take. A 1992 kuma, shekarar da aka kafa NHF, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta amince cewa a irin wannan ciniki ana iya biya kashi-kashi, ana kuma iya sa sharaɗin tara a kan mai yin aiki idan ya saɓa lokaci ba tare da uzurin da ya fi ƙarfinsa ba. Don haka duk wanda ya ce maka neman a rubuta rana rashin tawakkali ne, ko rashin yarda da ɗan'uwa Musulmi, ka ce masa ya koma makaranta.

Yanzu me za mu yi? Ga wanda bai biya ba tukuna, abu biyar.

Ɗaya, ka je filin da ƙafarka, ba sau ɗaya ba. Ka tambayi maƙwabta na wane ne. Ka nemi ganin wani rukunin da kamfanin ya taɓa gamawa, ka ƙwanƙwasa ƙofa ka tambayi mazauna wata nawa suka jira.

Biyu, ka karɓi kwafin takardar filin, ka sa lauya ya bincika a ma'aikatar filaye ta jiha: da sunan wa take, an jinginar ko ba a jinginar ba. Ka duba rajistar kamfanin a hukumar CAC. Kuɗin lauya bai kai kuɗin hayar shekara ɗaya ba.

Uku, kada ka biya da kalanda, ka biya da gini. Kaso kaza in an gama fandisho, kaza a linta, kaza a rufi, ka riƙe na ƙarshe sai makulli da takarda sun shigo hannu.

Huɗu, a rubuta ranar miƙa gida, rana da wata da shekara. A rubuta abin da kamfani zai biya ka duk watan da ya ƙara, da ranar da za ka iya janyewa a dawo maka da kuɗinka. A rubuta ko farashi zai iya tashi, in zai tashi iyakarsa nawa. A kuma fayyace ma'anar "an gama": da wuta, da ruwa, da hanya, ko bango da rufi kawai?

Biyar, kada ka ɗaura ranar aure ko sallamar mai gidan haya a kan alƙawarin ɗan kwangila. Ka ƙara wata shida aƙalla a lissafinka. Wannan da hawayen gidanmu na koye shi.

Wanda kuma ya riga ya faɗa ciki, kamar Yaya, ga abin da muka yi. Mun tattara komai a fayil ɗaya: rasit, takardar alokeshan, alat na banki, hoton tallar, har saƙonnin WhatsApp. Muka daina kiran waya, muka koma wasiƙa, a kai ofis a buga mata hatimin karɓa. Sannan muka nemo sauran masu saye. Da Yaya kaɗai ke zuwa, sai a ce manaja ya fita. Ranar da suka je su talatin da wani abu, da lauya ɗaya da suka yi karo-karo suka ɗauka, manaja da kansa ya kawo kujeru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka zauna, aka rubuta sabuwar rana, aka rubuta cewa babu sauran ƙarin kuɗi, aka dakatar da cirar albashi har sai an miƙa gida. Lauyan ya kuma gargaɗe su kada kowa ya daina biya da ra'ayin kansa ba a rubuce ba, don kada laifi ya juyo kansa. Ya ce in wannan ranar ma ta wuce, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, akwai kuma kotu.

Ba zan ce muku labarin ya ƙare ba. Har daren da nake wannan magana Yaya bai karɓi makulli ba. Amma yanzu akwai takarda mai kwanan wata da sa hannu, kuma akwai mutum talatin da ke ƙirga kwanakin tare. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kirana na ƙarshe ga matasanmu na Aliero da Jega da Maiyama. Tun da aka kafa jami'a a Aliero a 2006 filaye suka fara daraja, masu yanka fuloti suka yawaita, kuma irin wannan tallar gidan a takarda tana tafe garuruwanmu, in ma ba ta riga ta iso ba. Mu da muka yi boko, aikinmu ne mu karanta wa iyayenmu takarda kafin su dangwala hannu. Mu kuma tambayi 'yan majalisarmu na jiha: me zai hana a yi dokar da za ta tilasta ajiye kuɗin masu saye a asusu na musamman, kada kamfani ya taɓa sai gwargwadon aikin da ya yi? Me zai hana a sa wa amincewar gwamna wa'adi, kwana kaza takarda ta fito? Daga 1973 zuwa yau an haura shekara hamsin ana alƙawarin adadin gidaje. Lokaci ya yi da za mu riƙa tambayar rana.

In a gidanku akwai wani tsohon rasit na gida da aka biya ba a samu ba, ku tambayi mai shi labarinsa, ku rubuto mana, amma kada ku sa sunan kowa ko lambar waya. Za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya ba kowa muhallinsa cikin sauƙi, ya fid da waɗanda ke cikin jira.